Matacciyar Waya

Ƙaurin gashi ne ya fara iso mini kafin ihun mutane. Ina bakin gari da ƙwaryar fura a kaina, zan kai wa masu yankan gero, sai na ji wata ƙara kamar an tsoma jan ƙarfe a ruwa. Ina ɗaga ido na ga autana Sada ya taso daga saman lodin amalanke kamar an yi jifa da tsumma, ya faɗa cikin yashi. Gwafar da ya ɗaga wayar lantarki da ita don lodin ya wuce tana gefe tana hayaƙi. Shanun biyu da ke jan amalanken suka firgita suka zabura, dammunan gero suka janyo wayar ƙasa, ta sauka a tozon farin. Ɗayan ya tsinke igiya ya yi daji. Farin kuwa, bijimin da na yi shekaru ina ba shi dusa da hannuna, ya durƙusa yana karkarwa, harshe a waje, ko kuka ya kasa yi.

Kafin in sauke ƙwaryar sai ga Ɗantsoho mahauci a guje, ya riga ya zare wuƙa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san irin wannan gudun. Dabba in ta faɗi ba a tsayawa tambaya, a sa mata wuƙa tun da sauran rai, kada ta zama mushe a yi asarar nama.

"Ku kama mini ƙaho! A juya shi gabas!" in ji shi.

Na yar da furar, na sha gabansa, na cakumi wuyan rigarsa har ta yage.

"Wallahi ka taɓa shi, tare za a ja ku."

"Sake ni, Kubura! Sanki ne fa zai mutu a banza!"

"Ya mutu. Ai nawa ne."

Ɗantsoho ɗan kawuna ne, taubashina. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ranar nan dai babu wasa. Ya tsaya yana huci, wuƙa a hannu, muna kallo har bijimin ya daina motsi. Da yamma aka ɗaura masa igiya aka ja shi bayan gari, ungulu suka yi biki.

Sada bai mutu ba. An kai shi asibiti a Daura a kan babur, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da shi. Ya dawo da hannun dama a ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa. Mutumin da ke ɗaga dami da hannu ɗaya, yanzu matarsa ke ɗaura masa tazuge.

* * *

Ni ban yi boko ba, amma babu mai yi mini bayanin wayar nan. A idona aka kafa ta. Mu mutanen Kwarin Gawo muka tara gero gida-gida aka sayar, aka sayi turaku da taransifoma, don gwamnati ta ce in mun yi namu za ta yi nata. Marigayi maigidana yana cikin waɗanda suka haƙa ramukan, har ƙafarsa ta kumbura. Ranar da wuta ta kama, tsofaffi sun yi kuka. Na sayi firji na hannu, ina daskarar da zoɓo, ina sayar da ƙanƙara da azumi. Da shi na aurar da 'ya'yana mata.

Sai wata shekara rediyo ta fara cewa gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa harkar wuta. Aka ce za a yi gasa. Aka ce kamar yadda kamfanonin wayar salula ke rububinmu, wannan ya ce zo, wancan ya ce zo, haka masu wuta za su riƙa lallashinmu. Har guɗa muka yi a gidan suna.

Sun zo, ba su ƙi zuwa ba. Suka zaga gari, suka leƙa ɗakunanmu, suka ga ƙwan fitila ɗaya-ɗaya da rediyo da firjina. Suka auna mu suka ga ba mu da nauyi. Da damina ta faɗi, taransifoma ta buga. Suka zo da mota mai ƙugiya suka ɗauke ta, wai gyara. Jikata Maijidda ba ta yi haƙori ba lokacin. Yanzu ita ke kai wa ubanta abinci gona.

Akwai ƙwan fitila guda a ƙofar masallacin Juma'a. Tun ranar da aka ɗauke taransifoma ladan ya bar shi a kunne, don ya zama shaida duk ranar da wuta ta dawo. Shi ne alƙalin garinmu. In an yi gardama kan wuta, sai a nuna shi. Ƙwai a mace, wuta a mace, magana ta ƙare.

Shekaru suna tafiya, ruwa ya ci gindin turken bakin gari, ya karkace, waya ta yi ciki ta sauko. Kuma nan ce hanya ɗaya tilo daga gonaki zuwa gari: hagu kwari ne mai zurfi, dama katangun gidaje. Maƙabartarmu ma tana can ƙetaren wayar. Masu amalanke suka saba, in sun iso sai na saman lodi ya sa gwafa ya ɗaga ta a wuce. Mata suna shanya tabarmi a kanta. Aka sa mata suna Matacciya.

Bana, tun farkon kaka, na fara jin wani abu. In na fito da sassafe raɓa ta sauka, sai in ji wayar tana zuuu a hankali, kamar zuma ta yi gida a cikinta. Na gaya wa Sada, ya ce, "Inna, kunnenki ne." Na gaya wa mai gari Kalilu, ya yi murmushi ya nuna mini ƙofar masallaci da haɓa.

Ko bayan bijimina ya mutu a gaban idonsu, rabin gari ba su yarda ba. Wasu suka ce tsawa ce ta faɗo ba hadari. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne na gindin gawo. Ta yaya wuta za ta kashe sa alhali ta kasa kunna ƙwai?

Ɗantsoho ne ya ƙarasa ɓata lamarin. Naman nan da na hana shi yanka ya tsaya masa a rai. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya ja maza suka nufi bakin gari, aka aiko a kira ni. Ya cire hula ya miƙa wa wani, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga hannu ya damƙi wayar. Na rufe ido. Da na buɗe, yana girgiza ta kamar igiyar shanya, yana washe baki.

"Ga dodon naki, baiwata! Zo ki gaishe shi."

Aka fashe da dariya. Na matsa kusa, na kasa kunne. Shiru. Babu zuuu ko kaɗan.

"Yau barci take," na ce.

"Waya mai barci! Gobe kuma ki ce mana ta yi aure ta tare. Iska ce ta bugi ɗanki, ku nemi malami. Ni dai kin sa na kalli nama yana lalacewa, abin da ubana bai taɓa yi ba."

"Ubanka ya mutu da hankalinsa, kai ne aka haifa ranar da ake rabon wauta."

Suka sake dariya, suna zaton wasan taubasai muke. Ni kuwa ba wasa nake ba. Na san daga ranar nan babu wanda zai ƙara jin maganata.

* * *

Na ɗaura zanena na fita kunya, na hau mota zuwa Daura.

Ofishin tsohon kamfanin wuta, wanda ya ɗauke mana taransifoma, sanyi kamar cikin randa. Wani yaro mai suna Jafaru ne ke zaune a bakin teburi, sa'an jikana. Na zayyana masa komai, tun daga geron da muka tara har zuwa hannun Sada.

"Sannu, Inna. Mece ce lambar mitarki?"

"Wace mita? Ku da kuka ɗauke mana taransifoma kuka bar mu a duhu?"

"To ai ke nan ke ba kwastomarmu ba ce. Ƙorafi na kwastoma ne."

"Ɗana da wutarku ta gasa, shi ma sai ya kawo mita?"

Ya sosa ƙeya, ya rage murya. A bakinsa na fara jin gaskiyar abin. Wani attajiri ya gina katafaren injin casar shinkafa a hanyar Kongolam. Da tsohon kamfani da wani sabo da aka ba lasisi suka yi ta kokawa a kansa, kowa yana rage masa farashi. Sabon ya yi nasara. Maimakon ya kafa turakunsa, sai doka ta ba shi dama ya biya haya, ya turo wutarsa ta tsohon layin da ya ratsa bakin garinmu. Wuta tana wucewa ta kanmu dare da rana, ta je ta juya injin mai kuɗi. Ƙwan masallacinmu ba zai taɓa kamawa ba, don babu taransifomar da za ta sauko mana da ita. Ranar da Ɗantsoho ya kama wayar kuwa, an ɗauke wutar ne na ɗan lokaci, kamar yadda akan ɗauke wa kowa.

"Kuma babu wanda ya ga ya dace ya zo ya ce mana ku yi hattara?"

"Turakun namu ne, Inna, ban musa ba. Amma wutar da ke ciki ba tamu ba ce. Su za ki gani. Kuma ki ja kunnen mutanenku, kada wani ya ce zai tokare turken ko ya ɗaure wayar. Taɓa kayan kamfani laifi ne, ɗauri ne."

"Ita ta taɓa mu ba laifi, mu mu taɓa ta ɗauri."

 Ya kira wanda ke bayana a layi.

Sabon kamfani yana bakin titi, fenti ko bushewa bai gama yi ba. Nan mace na tarar, Murjanatu, mai fara'a. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa mai sanyi. Na riƙe robar ina jin sanyin a tafina, na tuna firjina da yanzu kaji ke ƙwai a ciki.

"Wallahi Inna na tausaya miki. Wutar tamu ce. Amma waya da turke nasu ne, kuma muna biyan su kuɗin gyara a cikin hayar. Mun yi musu magana ba sau ɗaya ba. In muka sa hannu a turkensu, ƙararmu za su kai."

"To ku kashe wutar har su gyara."

Ta dubi ƙofa, ta dube ni.

"In muka kashe, injin Alhaji ya tsaya. In ya tsaya, zai koma wurinsu. Abin da suke jira ke nan, shi ya sa suka ƙi gyarawa."

Na ajiye mata ruwanta ban sha ba.

"Wato su ba za su gyara ba don ku kashe, ku ba za ku kashe ba don kada su ci. 'Yar nan, ashe gasar da muka yi wa guɗa ke nan? Ku biyu kun kama igiya kuna ja, wuyanmu ne a tsakiya."

Ta sunkuyar da kai. Ba ita ta kafa kamfanin ba, na sani. Amma ita na samu, ita na gaya wa.

Daga nan na wuce kotun shari'a. Alƙalin dattijo ne, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce a shari'ar Allah hannun Sada yana da diyya, bijimina yana da ramuwa, kuma wanda ya bar cuta a kan hanyar Musulmi yana da alhaki. Sannan ya ce, "Amma wa zan aika wa sammaci, Kubura? Maganar kamfanoni ba hurumina ba ce. Sai babbar kotu a Katsina, sai da lauya."

Na fito rana ta take. Na tsaya a bakin titi ina kallon wayoyi sun yi saƙa a saman Daura, kowace da uban da ke karɓar kuɗinta. Tamu ce kaɗai marainiya, ita ma sai ranar da ta yi kisa.

* * *

Da na koma gida na gaya wa mai gari duk abin da na jiyo. Ya ce zai kai wa hakimi. Da ya ji batun ɗauri, samarin da suka yi niyyar tokare turken ya hana su. Sauran gari kuwa suka ce Kubura ta je birni an cika mata kunne. Ai kowa ya ga Ɗantsoho ya kama wayar da hannunsa.

Sai na ɗauki tabarmata da taɓaryata na koma gindin gawo, daf da wayar. Tun ranar bijimina ta ƙara saukowa, dogon mutum sai ya sunkuya. Na kafa karan dawa hagu da dama, na ɗaɗɗaura musu jajayen tsummoki. Daga an sallame asuba ina nan har magariba. In na ji shiru in bar mutane su wuce. In na ji zuuu, babu amalanken da zai gifta da lodi, sai an sauke dammuna an ratsa da su a sunkuye. Na sha zagi. Wani ya ce tsufa ya taɓa ni, na ce gara ya taɓa ni da abin da ya taɓa ɗana ya taɓa shi. Yara suka sa mini suna Inna Mai Waya.

Duk ranar kasuwa Ɗantsoho sai ya biyo da 'yar tsokar balangu a takarda, ya jefo mini a cinya.

"Ga albashin mai gadi. Yaya amaryar, ta tashi ko tana barci?"

"Ta tashi, tana tambayar ka."

"Ki ce mata ina da mata. Adama ba ta son raini."

Ya tafi yana dariya, da rigarsa da na yaga, Adama ta ɗinke masa da baƙin zare.

Ranar kasuwar da abin ya faru, an yi yayyafin ƙarshen damina da safe, ƙasa a jiƙe. Wayar tana kuka yadda ban taɓa ji ba, har a haƙorana nake jin ta. Wajen hantsi sai ga garken shanu daga wajen Zango, wani dattijon Bafulatani yana gaba da sanda a kafaɗa. Baƙo ne, bai san hanyarmu ba. Na miƙe ina ɗaga taɓarya ina ihu su tsaya. Shi ya tsaya. Shanu ba su san ihu ba. Suka kutso, ƙananan suka wuce ta ƙasa. Sai wata jar saniya mai dogayen ƙahoni ta ɗaga kai.

Ƙarar nan dai. Ƙaurin nan dai. Ta zube, wayar a sarƙe a ƙahonta, ƙafafunta suna shure-shure.

"A yanka! Don Allah a yanka!" Bafulatanin ke ihu yana waige-waige. "Babu mai wuƙa?"

Rumfar mahauta ba ta da nisa. Na hango Ɗantsoho ya taho, irin gudun nan. Na gitta taɓarya a gabansa.

"Ɗantsoho, tsaya! Tsaya ka saurara, kai ma za ka ji ta!"

"Na kama ta da hannuna kina kallo, Kubura."

"Ranar barci take! Don girman Allah, ɗan kawu, ka tsaya!"

Ban taɓa kiran sa haka ba. Ya ɗan dube ni, kamar zai tsaya. Sai saniyar ta yi wani gurnani, dattijon ya sake cewa a taimake shi.

"Wancan naki ne, kin ce a bari na bari. Wannan ta bawan Allah ce, ba zan kalle ta ta mutu mushe ba."

Ya goce wa taɓaryar. Na kai hannu na cafki wuyan rigarsa. Ɗinkin Adama ya ɓalle a daidai inda ya yage da farko. Na tsaya da ƙyalle a hannu. Ya durƙusa, ya ɗora hannun hagu a ƙahon, ya buɗe baki zai yi bismilla.

Bai ƙarasa ba.

Kasuwa ta watse ta dawo bakin gari. Adama ta zo tana faɗuwa tana tashi, mata suka danne ta. Ga shi kwance a gabanmu, kansa a wuyan saniyar, wuƙa a hannu, babu mai ikon taɓa shi. Sada ya yi ta kiran lambobin kamfanonin da hannun hagu. Ɗaya ba a ɗauka ba. Ɗayan aka ce ana dubawa. Muka zauna muna kallon sa rana tana dukan sa, har wayar ta ga dama ta yi shiru don kanta. Na ce, "Yanzu." Maza suka ruga suka janye shi.

* * *

Bayan la'asar aka sallace shi a ƙofar masallaci, ƙarƙashin ƙwan nan da bai taɓa kamawa ba. Mata ba sa bin gawa. Ni ban bi ba, wurin aikina na koma, gindin gawo.

Na hango su sun taho, makara a kafaɗa, gari kaf a baya. Suna isowa wajen jajayen tsummokina suka tsaya cak. Babu wanda ya waiwayi masallaci. Ni suka zuba wa ido.

Mai gari ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kubura, barci take?"

Na kasa kunne. Daga can nesa, wajen hanyar Kongolam, hayaƙin injin shinkafa ya miƙe sama.

"A farke take."

Suka sauke makarar daga kafaɗa zuwa hannu. Ba ta isa ba, suka ƙara saukewa har gwiwa. Liman ya cire rawaninsa ya riƙe. Masu ɗauka suka duƙa, suna jan ƙafa cikin laka, likkafani yana kusan shafar ƙasa. Haka Ɗantsoho ya wuce ta ƙarƙashinta. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya a sunkuye, manya da yara, ita kuma tana ta zuuu a kansu.

Alƙali ya ce sai Katsina. Zan je Katsina, ko da ƙafa ne. Sai dai har yanzu ban samu wanda zai zauna mini a nan ba ranar da zan tafi.

Na buɗe tafina, ƙyallen wuyan rigarsa yana nan da baƙin zaren Adama a jiki. Na tashi na ɗaura shi a karan dawa, cikin jajayen tsummoki. Na gyara tabarmata na zauna, don in sun gama binne shi ta nan za su dawo.